Maimaita Labarin Littafi Ba Shi Ne Nazari Ba



Kwanakin baya ƙungiyarmu ta ɗora mini nauyin zama da wasu 'yan sakandare duk Asabar muna karatun littattafan Hausa. Da muka sauke Ruwan Bagaja, littafin da Abubakar Imam ya shiga gasar Hukumar Fassara da shi a 1933, sai na ce kowa ya rubuto mini sakin layi ɗaya tak a kan Malam Zurƙe. Kusan duk abin da na karɓa iri ɗaya ne: an sake ba ni labarin da muka karanta tare, aka rufe da cewa littafin ya faɗakar, ya ilmantar, ya kuma nishaɗantar. Har na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna ni ma haka na riƙa rubutawa har na gama difloma. Kuma tsakani da Allah, haka yawancinmu muke yi wa littattafan junanmu sharhi: a taƙaita labari, a yaba salo, a ce Allah Ya ƙara basira.

A ganina laifin ba na yaran ba ne. Mun haddace musu jigo, salo, zubi da tsari, taurari, amma ba mu nuna musu yadda ake tsayar da magana ɗaya a kare ta ba. Duk wanda ya taɓa zama a kotu ya san mai ƙara ba ya tashi ya ba alƙali tarihin unguwa. Da'awarsa yake faɗa, ya kawo shaida, sannan ya nuna yadda shaidar ta gaskata shi. Sakin layin nazari ma haka yake. Jimlar farko ta zama da'awar da wani zai iya musa maka. Cewa Zurƙe abokin hamayyar Alhaji Imam ne ba da'awa ba ce, wa zai musa?

Ga misalin da na ba su. Da'awa: Imam ya yi amfani da karon farko na Alhaji da Zurƙe ya nuna cewa inda jama'a ba su iya karatu ba, mai wayo ke cin malami. Shaida: wurin da Alhaji ya yi zane a ƙasa, Zurƙe ya yi ta kiran sunayen haruffa, Alhaji ya ce ai jinjirin wata ne, mutanen gari suka goyi bayansa suka kori Zurƙe. A nan ne mafi yawan ɗalibai suke ajiye alƙalami, alhali nan ne aikin ya fara. Me ya sa wata, ba wani abu ba? Saboda kowa a garin ya taɓa ɗaga kai ya ga wata, harafi kuwa baƙo ne a wurinsu. Alhaji ya mayar da gardamar zuwa abin da alƙalansa suka sani, ilimin Zurƙe ya koma masa laifi. Su wa mawallafin yake yi wa dariya ke nan, Zurƙe ko masu hukuncin? Jimloli uku ko huɗu na irin wannan bayani su ne kaɗai naka a cikin sakin layin. Sauran duk na Imam ne.

Na san akwai masu cewa irin wannan tsari yana ɗaure hannun mai fasaha. Ban yarda ba. Mawaƙin da ya ɗaure kansa da ƙwar biyar da amsa-amo ɗaya tun daga baitin farko har na ƙarshe, wa ya taɓa cewa ba shi da hikima? In hannu ya faɗa, kana iya jinkirta da'awar zuwa ƙarshe, ko ka fara da shaida. Amma sai ka san abin da kake juyawa tukuna.

Kuma mu masu son rubuta littafi mun fi ɗalibin jarabawa bukatar wannan. Wanda bai iya faɗin dalilin da ya sa wani babi na littafin wani ya yi armashi ba, ta yaya zai gane dalilin da ya sa babi na bakwai na nasa ya mutu? Shi ya sa muke tura labari gasa, a ƙi ɗauka, mu ce an yi son kai.

Asabar da ta biyo baya wata yarinya 'yar aji biyar ta kawo nata sakin layin, ta buɗe shi da musa mini. Ta ce Zurƙe ma ba don Allah ya zo ba, kasuwar Alhaji ya zo ƙwacewa, don haka macuta biyu ne suka haɗu, ɗaya ya fi ɗaya sanin mutane. Ta kawo yadda shi ma ya riƙa ramuwa da makirci a gaba. Rubutunta cike yake da kuren ƙa'ida, ba ta ma raba "shi ne" da "shine". Na gyara mata waɗannan da jan biro. Hujjar kuwa har yau ina neman ta inda zan karya ta.