Jiran Zalɓe a Fadamar Haɗeja

Da hawan jini ya matsa mini, likita ya ce in rage tunani. Sai na ɗauki waya na nufi dausayin Baturiya da sassafe, cikin hunturu, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka. Sa'a guda na yi a tsugune, ina jiran zalɓe ya cafki kifi. Hoton bai yi kyau ba, mai karatu, amma tsawon zaman nan ko sau ɗaya ban tuna bashi ko ofis ba.

Yanzu kuma kacala ce damuwata. Inda na ɗauki hoton dinya bara, bana ciyawar ta shafe ruwan, masuntan wurin ma sun yi gaba da komarsu.