Ciwon Da Buhun Gero Ba Ya Warkarwa: 'Yan Gudun Hijira A Gidan Igwai

Duk wanda ya ratsa lungunan Gidan Igwai da sauran unguwannin gefen birnin Sakkwato a 'yan shekarun nan, idan mai lura ne, zai ga waɗansu baƙi da ba fatauci ya kawo su ba, ba kuma cin rani ba. Suna zaune cikin kangaye da gine-ginen da masu su ba su ƙarasa ba, tsohon buhu ne ƙofarsu, duwatsu uku ne murhunsu. Galibinsu mata ne da yara daga ƙasashen Sabon Birni da Isa da Raba da Goronyo, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Tun harin da aka kai ƙauyen Tabanni na gundumar Gandi cikin watan Yulin 2018 ayarin bai yanke ba. An yi kisan gilla a ƙauyukan Sabon Birni cikin Mayun 2020, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo cikin Oktoban 2021, sa'an nan cikin Disambar wannan shekarar aka ƙone matafiya da ransu cikin mota a kusa da Gidan Bawa. Waɗansu sun sami mafaka a sansani irin na Ramin Kura, amma da yawa sun ɓace cikin gari, ba rajista, ba mai sanin yawansu.

Idan taimako ya zo musu, buhun gero ne ko shinkafa, da tabarma da gidan sauro. Ba mai raina wannan, domin mai yunwa ba ya jin wa'azi. Abin tambaya shi ne, bayan ciki ya ɗauka, wa ke duba abin da ke cikin zuciya?

A ɗauki misalin macen da aka kashe mijinta a gabanta, ta goyo jariri ta kwana tana tafiya cikin daji. Yau wata takwas ke nan tana birni, amma da ta ji ƙarar babura sun taho a jere sai jikinta ya ɗauki rawa, ta rarumi 'ya'yanta ta shige ɗaki. A gari irin Sakkwato, inda kabukabu ya fi komai yawa a kan titi, wannan azaba ce ta kowace sa'a. Barci ya ƙaurace mata, abinci ba ya mata daɗi, tana dukan yara a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ta zauna tana kuka. Idan ta je ɗakin shan magani, abin da za ta ce shi ne kanta na ciwo, ƙirjinta ya yi nauyi, jikinta duk ya mutu. Sai a ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na ciwon jiki, ta koma. Mako biyu ta dawo da kukan nan dai. Babu wanda ya tambaye ta daga ina ta fito, balle abin da idonta ya gani.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta nuna cewa a wuraren da ake tashin hankali, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, tun daga matsananciyar damuwa har zuwa mai tsanani. Likitocin wannan fanni kuwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, ga jama'ar da ta haura miliyan 200. Sakkwato ma ta yi sa'a, tunda akwai asibitin tarayya na masu lalurar ƙwaƙwalwa a Kware. An kuma sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa cikin Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawa. Amma doka a takarda take, kuma sunan Kware kansa ya zama abin tsoro a bakin jama'a. Ka ce wa Bagobira za a kai ta Kware, ka ce mata mahaukaciya ke nan, kuma ta san cewa ranar da maganar ta fita, 'yarta ta rasa manemi.

A nan ne maganar harshe ta shigo, kuma a nan masu kawo agaji suka fi yin tuntuɓe. Ma'aikaci ya zo da takardar tambayoyi da aka tsara da Turanci, aka fassara ta cikin gaggawa, duk wata lalura aka kira ta taɓin hankali. Alhali Bahaushe bai taɓa haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya ba. Yana da firgita da razana, yana da zullumi da fargaba, yana da baƙin ciki da ƙuncin rai da yawan tunani, yana kuma cewa zuciyar wane ta karaya. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hauka ba ne, ba kuma abin kunya ba ne a faɗe shi a gaban mutane. Matar da za ta tashi ta bar wurin idan an ambaci taɓin hankali, ita ce za ta gyara zama idan an ce mata, “Baiwar Allah, tunani na hana ki barci?” Tattara waɗannan kalmomi da tantance iyakar kowace, musamman yadda Gobirawa da Zamfarawa da Adarawa ke amfani da su, aiki ne da likita ba zai iya shi kaɗai ba.

Bayan harshe sai kunya. Tsarin da ake koya wa masu ba da shawara ya ginu ne a kan mutum biyu su keɓe cikin ɗaki, ɗaya ya amayar da duk abin da ke ransa. To, yaya za a yi da matar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari ko yana raye, balle a ce ta bayyana yadda ya mutu? Yaya mai takaba za ta keɓe da baƙon namiji? Wadda aka yi garkuwa da ita aka keta mata haddi, sau da yawa ko uwar da ta haife ta ba ta gaya wa ba. Irin wannan magana ba ta fitowa da tambaya kai tsaye. Tana fitowa ne a gefe, wajen tsefe kai ko surfe, a bakin wadda aka yarda da ita, kuma da habaici take farawa. Namiji ma yana da tasa. Magidancin da ke da rumbu uku a ƙauye, yau matarsa ce ke fita wankau ko bara ta ciyar da shi. Ba zai yi kuka a gaban kowa ba, sai dai a ga ya daina magana, ko ya huce a kan iyali.

Akwai kuma masu ganin cewa duk wannan shigo-shigo ne na Turawa, cewa Musulmi haƙuri da dangana sun ishe shi, in abin ya yi tsanani a kai shi ga malam a yi masa ruƙiyya ko a ba shi rubutu. Haƙiƙa addu'a tana sanyaya zuciya, kuma zaman makoki da ta'aziyya da sadakar uku da ta bakwai hanyoyi ne da al'umma ta daɗe tana rage wa mai rashi nauyi da su. Abin da ake mantawa shi ne, mai gudun hijira an hana shi ko waɗannan. Da yawa ba su ga gawar nasu ba, ba su san kabarinsu ba, ba wanda ya zo musu gaisuwa. A ce wa irin wannan ya yi haƙuri kawai, an yi masa rowar abin da kowane mai rashi ke samu. Sa'an nan ba kowane gidan magani ne abin yarda ba. Wanda ya tuna ɗaruruwan mutanen da aka fitar daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna cikin Satumban 2019, waɗansu da sarƙa a ƙafa, ya san inda sakaci ke kaiwa.

Ba dole ba ne a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya. Tun 1954 Dokta Adeoye Lambo ya nuna haka a Aro ta Abekuta, inda ya zaunar da marasa lafiya cikin ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da ɗan'uwansa, ya kuma jawo masu maganin gargajiya cikin aikin maimakon ya kore su. Limamin unguwa da aka koya wa gane alamun da suka fi ƙarfin tofi, shi ne zai fi kowa iya shawo kan iyali su tafi asibiti.

Sakkwato ma ba ta bukatar aron dabara daga nesa. Birnin nan 'yan hijira suka kafa shi, waɗanda suka baro Ɗagel zuwa Gudu a 1804. Bayan yaƙe-yaƙe sun bar ƙauyuka cike da zawarawa da matan da aka rabo da garuruwansu, Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijai mata masu hankali, ta naɗa su jajoji, ta ɗora musu malfa, suka riƙa zuwa wurinta suna ɗaukar karatu su koma su isar ga matan da ba su iya fita. Ba karatu kaɗai suke kaiwa ba. Suna sasanta rigima, suna duba mara lafiya, suna yi wa mamaciya wanka. Abin sha'awa, irin wannan tunani ne Dokta Dixon Chibanda ya bi a Harare ta Zimbabuwe tun 2006, da ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar ɗakin shan magani suna sauraron masu damuwa. Sunan da mutanen can ke kiran ciwon da shi, ma'anarsa yawan tunani. Binciken da aka buga a 2016 ya tabbatar da cewa waɗanda suka zauna da tsofaffin sun fi samun sauƙi nesa ba kusa ba. Gidan Igwai ba ta rasa ungozomomi da malaman Islamiyya mata da za su iya wannan ba, kuma cikin 'yan gudun hijirar kansu akwai dattijan da mata ke jin maganarsu tun a gida. Horo na 'yan makonni suke bukata, da ɗan alawus, da ma'aikacin jinya daga Kware da zai riƙa zagayowa yana karɓar abin da ya fi ƙarfinsu.

Sai dai magani ba ya kama zuciyar da ba ta san inda za ta kwana gobe ba. Mai kango yana iya zuwa ko yaushe ya ce zai ci gaba da gini. Yara suna yawo ba makaranta. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan kare waɗanda aka raba da muhallinsu, amma wanda ba ya cikin rajista ba ya cikin rabo. Mai unguwa ya san kowane kango da wanda ke ciki; a ba shi littafi ya rubuta su, Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ta yi aiki da wannan littafi. Jamhuriyar Nijar, da talaucinta, ta karɓi dubban mutanen Sabon Birni da Isa a jihar Maraɗi tun 2019, kuma kafin hukumomin duniya su iso, talakawan ƙauyukan Gidan Rumji ne suka buɗe musu ɗakunansu.

Akwai rukuni guda da ko a cikin 'yan gudun hijira ake ƙyama, wato Fulanin da aka kore wa shanu aka ƙone musu ruga, waɗansu a hannun ɓarayi, waɗansu a hannun 'yan sa-kai. Bafulatanar da ta shigo gari da 'ya'yanta tana tsoron buɗe baki a layin rabon abinci, kada harshenta ya tona ta a ce matar ɓarayi ce. Duk tsarin da za a yi, in babu mai jin Fulatanci cikin matan da za a horar, ita ba za ta zo ba.