Kada kuɗin ragunan Baba su tafi a kan ƙyalli

Ƴan uwa da kuka ci BAC bana, barka da arziki. Kafin ku kama hanyar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, maganar kwamfuta za ta taso a gida. Ku saurare ni, don ni na sha wannan ɗacin.

Shekarar da na shiga jami'a, Baba ya kai raguna biyu kasuwa saboda ni. Na shiga wani shago, mai shagon ya nuna mini tambarin Core i7, na ga abu na ƙyalli, na zube kuɗi. Wata uku batir ya mutu. In an ɗauke wuta, ita ma ta ɗauke. Kunya ta hana ni faɗa wa Baba.

Ra'ayina shi ne: ɗalibin Nijar ya sayi kwamfuta daidai da karatunsa da halin ƙasarsa, wato zafi da ƙura da ɗaukewar wuta. Burge abokai ba ya cikin lissafi.

Tambarin i7 kaɗai ba ya gaya maka komi. Dubi lambar da ke biye da shi. A i5-8250U, wannan 8 ɗin na farko shi ne zamanin injin, kuma ya fi i7-4600U ƙarfi ko da sunansa ya fi ƙanƙanta. Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 na neman injin Intel daga zamani na 8 zuwa sama. Wanda ƙarfinsa bai kai nan ba, ya sa Linux Mint da LibreOffice, kyauta ne, halal ne.

Sai RAM: kada ta gaza giga 8. Ma'ajiya ta zama SSD, ko giga 256 ne. Ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri, kuma ta fi jure jijjigar kabu-kabu.

Batir kuwa shi ne rai. A cikin shagon ka ce a zare caja, ka kunna bidiyo, ka zauna kana kallon yadda cajin ke sauka. Mai shagon da ya ƙi wannan gwaji, ka yi masa sallama. Ta hannu ba abin kunya ba ce: ThinkPad, Latitude da EliteBook don aikin ofis aka ƙera su, masu gyara sun san su, kayansu na samuwa. In ka saya, kada ka aza ta bisa katifa a zafin Afrilu, tana toshe mata iska.

Ka kuma tambayi yayyenka na sashenku. Mai karatun shari'a ko adabi rubutu da karatun PDF zai yi, wannan ta ishe shi. Mai zanen gini da AutoCAD, shi ne zai nemi giga 16.

Wani zai ce mai talabijin a aljihu, wato wayar zamani, me zai yi da kwamfuta? Gaskiya waya na taimako. Amma a je a rubuta memuwar mai shafi 60 da babban yatsa, a dawo mu yi magana.

Nauyin kuma bai tsaya kan iyaye ba. Me zai hana kowane sashe ya liƙa takarda ɗaya lokacin rajista, ya faɗi irin kwamfutar da karatunsa ke buƙata? Wannan ba ya cin ko dala. Sannan a gyara ɗakunan kwamfuta, a bar su buɗe har dare, domin ɗan da gidansu ba rago ko ɗaya shi ma ya ci BAC ɗin nan.

Ku isar wa ƙannenku kafin a kai dabba kasuwa. Allah ya ba da sa'ar karatu.