Jak na ɗaga mota ne, ba na riƙe ta ba

Wannan makon za mu leƙa tsakar gida ne, inda maigida kan tuɓe babbar riga ranar Asabar ya ce yau da kansa zai yi wa motarsa aiki. Maganarmu a kan mota a-kori-kura ce, irin su Hilux da tsohuwar Fijo 504 da ake ji da su a Suleja wajen ɗaukar doya da buhunan masara da siminti, da yadda za ka ɗaga ta ka sauya wa tayoyinta wuri ba tare da ka jefa kanka ko 'ya'yanka cikin haɗari ba.

Wani zai ce me ya kawo zancen taya shafin lafiya? Amsar ita ce nauyi. Hilux ko babu kaya a bayanta tana kai kimanin tan 2, wato nauyin buhun siminti 40. Idan ta zame daga kan jak ta danne ƙirjin mutum, ba sai ƙashi ya karye ba, numfashi ne zai gagara, kuma mintuna kaɗan sun isa a rasa rai. Idan kuma hannu ko ƙafa ta samu, ana iya ƙarewa da nakasa ta har abada a kan aikin da bai kai na awa biyu ba.

Dalilin sauya wa tayoyi wuri

Tayoyin mota ba sa cinyewa daidai. Na gaba su ke shan wahalar kwana da birki, don haka gefensu ke fara suɗewa. Na baya kuma a a-kori-kura su ke tura motar, su ke ɗaukar kaya. In an bar kowace taya a inda take, biyu za su suɗe tun sauran biyun na da sauran zane, motar ta riƙa santsi da damina, birki ya riƙa ja kafin ya kama. Shi ya sa masu ƙera taya ke ba da shawarar a sauya musu wuri duk bayan kilomita 8,000 zuwa 10,000. Kai da ke fita daga Suleja kullum ka bi ta Madalla da Zuba zuwa cikin Abuja ka dawo, kana cin kusan kilomita 100 a rana, don haka cikin kimanin wata uku ka kai wannan adadi.

Abin da bai kamata ka manta ba

Jak ɗin da ya zo da motarka an yi shi ne don ka canza taya ɗaya a bakin hanya in ta yi faci. Gindinsa ƙarami ne, ɗan motsi kaɗan sai ya karkace. Jak mai aiki da mai kuma, robar da ke cikinsa tana tsufa, tana iya sakin mai motar ta sauko ba tare da ka ji wani ƙara ba. Saboda haka aikin jak shi ne ya ɗaga, abin da zai riƙe motar daban ne: matokarin ƙarfe mai ƙafa uku ko huɗu, irin wanda kake gani a garejin manyan makanikai. Ana rubuta nauyin da zai iya ɗauka a jikinsa. Ga a-kori-kura ka nemi mai tan 3, jak ɗin ma kada ya gaza haka. Wanda mai walda ya haɗa da guntayen ƙarafa babu wanda ya gwada ƙarfinsa, araha kuwa ba ta ado.

Babban abin da nake so in ja kunnenka a kansa shi ne bulo. Kusan kowane gida a Suleja akwai ragowar bulon gini a gefe, kuma shi hannu ke fara kaiwa. Bulo yashi ne da ɗan siminti, cikinsa rami ne. An yi shi ne don nauyi ya bazu a kansa gaba ɗaya a jikin bango. In ƙarfen mota ya danna shi a wuri ɗaya, ba ya lanƙwasa balle ka ankara, rugujewa yake lokaci guda. Haka dutse da aka ɗora kan dutse, haka turmi, haka tsohon rim da aka tsayar a tsaye.

Zaɓen wuri

Suleja gari ne na tudu da gangare, wanda ya san Kwamba da Rafin Sanyi ya san unguwanni da yawa ƙofar gidajensu a karkace take. Kada ka ɗaga mota a gangare komai ƙanƙantarsa. Ka nemi daɓen siminti mai kauri wanda yake a shimfiɗe. Ƙasar da ta sha ruwan damina tana iya nuna ta bushe a sama alhali ƙasanta laka ce, jak zai nutse a hankali motar ta kwanta gefe. In dole sai a kan ƙasa, ka shimfiɗa katako mai kauri da faɗi a ƙarƙashin jak da matokari. Ka kuma kiyayi murfin sokawe da bakin kwata, ba a yi su don ɗaukar mota ba.

Ka yi aikin da rana tsaka ko da hantsi, ba bayan magariba da fitilar waya a baki ba. Ka sauke duk kayan da ke bayan motar. Kada kowa ya zauna a ciki. Ka kashe inji, ka sa makulli a aljihunka.

Uwargida, nan ne naki aikin. Yara suna son ganin Baba yana kwance taya, kuma ƙaramin yaro bai san bambancin mota a ƙasa da mota a sama ba. Zai jingina da ita, zai bi ƙwallonsa ƙarƙashinta, zai taɓa hannun jak. Ki tsare su a cikin gida har a gama. Amma kada a bar maigida shi kaɗai: wani babba ya tsaya kusa da waya a hannu, don in wani abu ya faru a samu mai kiran taimako.

Yadda za ka yi

Da farko ka ja birkin hannu sosai, ka sa giya ta ɗaya, in mai otomatik ce ka sa ta a P. Ka sani birkin hannu tayoyin baya kawai yake riƙewa, da zarar ka ɗaga baya ƙarfinsa ya ragu. Don haka ka sa waigi na katako gaba da bayan tayar da ke kusurwa da wadda za ka ɗaga. In hagu ta baya za ka cire, dama ta gaba za ka tokare.

Ka ɗauki alli ka rubuta wa kowace taya inda take. Ga motar da tayoyin baya ke turawa, tsarin da aka saba shi ne na baya su dawo gaba a gefensu, na gaba su koma baya su sauya gefe. In ka ga alamar kibiya a gefen taya mai nuna inda take juyawa, irin wannan ba ta sauya gefe, gaba da baya kawai take yi. In littafin motarka ya nuna wani tsari, shi za ka bi.

Hanya mafi sauƙin haɗari a gida ita ce ka ɗaga kusurwa ɗaya kawai a lokaci guda, tayoyi uku na ƙasa, ka yi amfani da safaya a matsayin mai riƙon ƙwarya. Ka cire hagu ta baya ka ɗaura safaya. Ka kai wadda ka cire hagu ta gaba. Wadda ta fito daga hagu ta gaba ta tafi dama ta baya. Ta dama ta baya ta koma dama ta gaba. Ta dama ta gaba kuma ta karɓi wurin safaya. Ɗagawa biyar ke nan, kuma babu lokacin da motar ta rataya a sama gaba ɗaya.

A kowace kusurwa, ka sassauta notuna tun taya na ƙasa, rabin juyi ya isa. In ka bari sai motar na sama sannan ka fara kokawa da noti, ƙarfin da kake sawa shi zai ture ta. Ka sa jak a inda littafin mota ya nuna, galibi ƙarƙashin babban ƙarfen da gangar motar ke zaune a kai in gaba ne, ko ƙarƙashin sandar tayoyin baya kusa da sifirin. Kada ka sa shi a bamba ko kwanon man inji ko gwangwanin jikin mota. Ka ɗaga har taya ta bar ƙasa da kamar yatsu biyu, ka sa matokari a wuri mai ƙarfi kusa da jak, ka sauke nauyin a kansa a hankali. Kafin ka cire taya ka ɗan girgiza motar da hannu. In ta motsa, ka sauke ka sake.

Tayar da ka cire ka kwantar da ita ƙarƙashin ƙarfen motar har ka ɗaura wata, ta zama kariya ta biyu. Kada ka zauna ka miƙe ƙafafunka ƙarƙashin mota, ka tsuguna a gefe. Kai da ƙirji kuwa ba su da abin yi a can, wannan aikin ba ya buƙatar shiga ƙarƙashi. Tayar a-kori-kura da rim ɗinta ta fi kilo 20, ka gangara ta maimakon ɗauka, in za ka ɗaga ka lanƙwasa gwiwa, bayanka a miƙe. Mai ciwon baya ko gwaiwa ya bar wa wani.

Wajen ɗaurawa ka fara kowane noti da hannu, kada ka shafa masa mai. Hilux noti 6 gare ta, ka ɗaure ɗaya ka tsallaka na daura da shi, ba bi da bi ba. Ɗaurin ƙarshe sai taya ta sauka ƙasa. Kada ka zura bututu a sifana ka hau kai da ƙafa, kusa na iya tsinkewa. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notunan. Sannan ka je wurin mai faci ya daidaita iska, domin gejin gaba da na baya sukan bambanta, kuma yana rubuce a jikin ƙofar direba.

Tunda taya na hannunka, ka duba ta. In zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, ko ta kumbura a gefe, ko ta tsattsage, ta gama aiki. Akwai lambobi huɗu a gefenta masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi a kan tsofaffin tayoyi da na gwanjo.

Idan tsautsayi ya auku

In mota ta danne mutum, kada a ja shi da ƙarfi. A tokare tayoyi, a ɗaga motar da wani jak ko da taron maƙwabta, sannan a zaro shi a hankali ba tare da an murɗa wuyansa ko bayansa ba. A kira 112, ko 122 na Hukumar Kiyaye Haɗurra. A danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta. A nufi Babban Asibitin Suleja ko asibiti mafi kusa, ko da ya miƙe ya ce ba komai. Jini na iya zuba a ciki ba a gani ba, kuma naman da aka danne yana sakin abin da ke lalata ƙoda. Fitsari mai launin shayi ko ƙarancinsa, jiri, wahalar numfashi da kumburin ciki duk alamu ne na gaggawa. Kada a fara da gidan mai ɗori.

In ba ka da matokari, ko ƙofar gidanka gangare ce, ka kai motar wurin mai gyara. Kuɗin da za ka ba shi bai kai na kwana ɗaya a gadon asibiti ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, Allah Ya tsare mu da iyalanmu.