Aljani Ba Ɗan Sanda Ba Ne!

Yau da ƙorafi na zo, kuma tun kafin in fara ina roƙon marubutanmu su yi mani uzuri, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni ba marubuci ba ne, makaranci ne kamar kai, wanda ke cire kuɗin cefane ya sayi littafi. Abu biyu na fi so a duniyar ƙagaggun labarai: labarin binciken kisa, da labarin yaƙi da sihiri. To su biyun nan ne ake ta yi wa kisan mummuƙe, mu kuma mun yi shiru.

Kwanakin baya na sayi wani littafi mai kashi 3, ba zan faɗi sunansa ko na mai shi ba. An kashe wani Alhaji a ɗakinsa, ƙofa a kulle ta ciki, tagogi duk da ƙarfe. Ga matansa uku, ga direba, ga ɗan ƙaninsa da bashi ya yi wa katutu. Dare biyu na yi ina lissafi, har takarda na samu ina rubuta wa ya fita da ƙarfe nawa. Saura shafi 6 littafi na uku ya ƙare, sai Insifekta ya kwanta barci, marigayi ya zo masa a mafarki ya ce uwargida ce ta sa boka ya turo aljani ta ramin makulli. Washegari uwargida ta haukace, ta shiga kasuwa tana tona wa kanta asiri. Shi ke nan, wai an gama. Wallahi ji na yi kamar an yi mani sane a motar haya.

Mai karatu, ka tuna kacici-kacicin da mu ke yi a dandali muna yara? In ka kasa, sai ka ba da gari a faɗa maka amsa. Amma da ka ji amsar sai ka ce, "Kash! Ai kuwa haka ne." Daɗin wasan ke nan: amsar tana cikin tambayar tun farko, kai ne ba ka gani ba. Labarin bincike kacici-kacici ne mai tsawo. Marubucin da ya karɓi garinka sannan ya ba ka amsar da babu ita a cikin tambayar, ya cuce ka.

Turawa sun daɗe da gane haka. A 1929 wani limamin coci ɗan Ingila mai suna Ronald Knox, wanda shi ma yana rubuta irin waɗannan labarai, ya jera dokoki 10. Daga ciki: dole a ambaci mai laifin tun a farkon labari, ba a warware kisa da aljani ko tsafi, ba a kawo gubar da duniya ba ta sani ba, sa'a ko faɗuwar gaba ba ta kama wa jami'in bincike ɓarawo, kuma ba a fito da tagwaye bagatatan ba tare da an share fage ba. Masu kallon finafinan Indiya, kun ji ta ƙarshen nan ko?

Ga misalin abin da na ke so. A littafin The Hound of the Baskervilles na Arthur Conan Doyle, wanda ya fito a 1902, kowa ya yarda wani karen aljanu ne mai fitar da wuta ke bin zuri'ar wani gida yana kashewa. Sai aka sace wa magajin gidan sabon takalmi ƙafa ɗaya a otal, aka dawo da shi, aka sake sace tsoho. Kai da ni mun wuce wurin muna dariya. Sherlock Holmes bai wuce ba. Me ya sa ɓarawo zai ƙi sabo ya ɗauki tsoho? Don warin ƙafar mai shi ake nema. Aljani kuwa me zai yi da warin takalmi? Ashe kare ne na gaske, wani dangi mai kwaɗayin gado ya shafa masa sinadari mai ƙyalli a duhu. Ka tsorata, ka ji daɗi, kuma ba a raina maka hankali ba. Haka Agatha Christie ta yi a The Murder of Roger Ackroyd a 1926: ta ajiye mai kisan a gaban idonka tun daga farko, in ka gama ka koma baya sai ka ga duk alamomin suna nan.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, mu fa Musulmi ne, aljanu gaskiya ne, sihiri gaskiya ne." Ban musa ba. Amma wane alƙali ne zai ɗaure mutum don wani ya yi mafarki? Dubi ƙissar Annabi Yusuf (AS), ba don in haɗa ta da ƙagaggen labari ba, sai don darasin da ke ciki: da aka yi masa ƙazafi, rigarsa aka duba, aka ga ta baya ta yage, gaskiya ta fito. Hujja ce wadda ido ke gani, hankali ya ɗauka. A ƙauyukanmu ma akwai masu bin sawu, waɗanda za su dubi ƙasa su gaya maka ɓarayin su nawa ne, ina suka nufa, wanne ke ɗingishi. Ga Sherlock Holmes ɗinmu nan a gida, amma sau nawa ka gan shi a littafi ko a fim?

Kada ka ɗauka maganar nishaɗi ce kawai. Yarinyar da ta karanta littafi 20, ta kalli fim 20, duk a ciki kishiya ce ko tsohuwar unguwa ke kisa da asiri, kuma mafarki ne ke tona ta, me ka ke zaton za ta ce ranar da ɗanta ya kwanta zazzaɓi? Asibiti za ta fara tunawa ko maƙwabciya? Mun sha jin yadda zargin maita ke raba zumunci, har ya kai ga duka da kisa. Labari yana koya wa mutum yadda ake gano gaskiya, ko ya koya masa yadda ake zargi.

To mu koma ɓangaren yaƙi da sihiri, inda aljani ke da cikakken 'yancin shiga da fita. Nan ma akwai doka. Tun gasar rubutu ta 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara mu ke da irin wannan adabi. Tambayi duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja me ya fi tunawa. Ba aljanun zai ce maka ba, sharrin da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke ƙulla wa juna zai faɗa, wato dabara da wayo. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa kuwa, da nakasa ya fara rayuwa, kuma duk ƙarfin da ya samu akwai Wargaji da ya fi shi. Shi ya sa gabanka ke faɗuwa in ya shiga daji.

Haka The Lord of the Rings na Tolkien, wanda Peter Jackson ya mayar fim kashi 3 daga 2001 zuwa 2003. Zoben nan yana ɓatar da mai shi daga idon mutane, amma yana cin zuciyarsa a hankali, har Frodo da ya sha wahalar kai shi bakin wuta ya kasa jefawa. Ko aljanin Aladdin na katun ɗin 1992, buƙata 3 kawai ya ke biya, kuma ba ya kisa, ba ya sa soyayya, ba ya ta da matacce. Ai mu ma a tatsuniyoyinmu da hirar maharba da 'yan tauri, kowane asiri da sharaɗinsa, kowane magani da makarinsa.

Abin da ba na so shi ne jarumin da ke sare dakaru 40,000 kafin la'asar ko ƙwarzane bai yi ba. In an kama shi an ɗaure, sai ya tuna da wani zobe da kakarsa ta ba shi, zoben da ba a taɓa ambata ba sai a shafi na 80. Haba! In jarumi ba zai iya faɗuwa ba, don me zan hana idona barci? Sannan ga gimbiyar da za a yi shafi 3 ana siffanta idonta da gashinta, amma har littafi ya ƙare ba ta yi dabara ko ɗaya ba, sai kuka da suma. Ga biranen da duk sunayensu aro ne daga ƙasashen Larabawa, alhali ga rijiyar Kusugu a Daura, ga Barbushe da Tsumburbura a Dutsen Dala, ga ganuwar Amina ta Zazzau, ga Surame ta Kanta, ga Sarauniyar da ta tari sojojin Faransa a Lugu cikin 1899. Duk suna nan suna jiran alƙalami.

Kuma kada ka ce Turawa na ke wa kara. Su ma suna yi. Shi kansa Conan Doyle ya kashe Holmes a 1893, da masu karatu suka matsa ya dawo da shi a 1903 da wani bayani mai kama da kame-kame. Tolkien ma, in tafiya ta yi tsanani, sai ka ga manyan gaggafa sun sauko daga sama sun kwashe jarumai. Ban ji daɗin su ba, kuma ba zan ɓoye ba. Ha'inci ha'inci ne, ko a Landan aka yi shi ko a Kano.

Saura kai, mai karatu. Mu ne mu ke saye, mu ke saurare a rediyo da waya, mu ke ba ƙawaye aro, don haka laifin har da namu. In ka gama littafi ko fim, yi masa tambaya biyu. In na bincike ne: da na natsu, zan iya gano mai laifin da kaina? In na sihiri ne: me jarumin ya rasa kafin ya samu? In amsar babu ce, kada ka sayi kashi na gaba, kuma ka rubuto wa wannan fili ka faɗi dalili, cikin ladabi. In kuma ka samu wanda ya yi maka adalci, ka yabe shi da babbar murya, ka saya wa wani.

Marubuta kuma, don Allah ku bar aljani a kan tsamiyarsa, ku bar Insifekta ya yi aikin da ake biyansa albashi dominsa. Wanda ya ji haushi ya yafe ni, wanda ke da raddi kuma bisimilla, fili a buɗe ya ke. Allah ya sa mu dace. Wassalam.