Ruwa Ya Janye, Ɓera Ya Tare



Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri, daga Gwange da Fori zuwa Kasuwar Monday, har fadar Shehu. A waɗancan kwanakin ba abin da ke bakin mutane sai kadoji da macizan da ruwa ya kwaso daga gidan namun daji na Sanda Kyarimi. Tsoron yana kan hanya. Amma kada ba ya tarewa a ɗaki. Mai tarewa shi ne ɓera, kuma ba wanda ya damu ya ɗauki hotonsa.

Duk abin da ruwa ya cike wa rami, tudu zai nema, tudun kuwa shi ne gidanka. Ɓera ya hau rufi, ya shige bayan buhu, ya tarar da gero ya jiƙe, ga bola jibge a ƙofar gida. Abinci ya samu, sai haihuwa. A cikin ɓeraye akwai wani mai nonuwa da yawa, wanda ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa a fitsarinsa da kashinsa, shi kuwa lafiyarsa ƙalau. A garin Lassa da ke kudancin Borno aka fara gano cutar a 1969, don haka ba baƙuwarmu ba ce. Muguntarta ita ce da kamannin zazzaɓin cizon sauro take zuwa: zafin jiki, ciwon kai, kasala. Sai a tafi kemis, a sha magani, a sake sha, kafin a farga an makara, wataƙila mai jinya ma ta kamu. Wasu da suka tashi kunnensu ba ya ƙara ji. Kuma ta fi ƙamari daga Disamba zuwa Maris, lokacin da an naɗe tabarmar agaji, kowa ya manta an yi ruwa.

Inda ɓera ya je, maciji na biye. Uwar gida, kafin ki sa hannu cikin itace ko bayan randa, haska tocila. A zazzage takalmin yaro kafin ya saka. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau; a hana ƙafar motsi, a nufi asibiti. Dafin kububuwa jini yake hana daskarewa, tsagar reza kuwa hanyar zuba take ƙara masa.

Sauro kam kowa ya san shi. Ɗan kududdufi ya ishe shi, cikin mako biyu ƙwai ya zama mai cizo. Ƙuda kuma daga masai da ta fashe yake tasowa ya sauka a kwanon tuwo, ga rijiyoyi sun gauraya da ƙazanta. Wata guda bai cika da ambaliyar ba gwamnatin Borno ta sanar da ɓarkewar kwalara.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin da muke rugawa gare shi. Magidanci ya sayo fiya-fiya a kwalbar da ba ta da suna, ya yayyafa, ya rufe taga, yara su kwanta a ciki. Wani ya jefa ƙwayar adana hatsi a buhu, buhun kuma a ɗakin barci, alhali iskar da take fitarwa kisa take yi. Wallahi gara tarko da gidan sauro. A zuba hatsi a mazubi mai murfi, a toshe ramuka da siminti, a daina shanya a bakin titi, mushen ɓera kuma kada a ɗauka da hannu.

Sai dai talakan da katangarsa ta faɗi ba zai iya kwashe bolar unguwa shi kaɗai ba. Dattawanmu suna tuna duba-gari, masu shiga gida gida suna leƙa randa da masai. Har yau ƙananan hukumomi suna biyan ma'aikatan tsabtar muhalli albashi. A Haɗeja, a Ringim, a Mokwa, duk inda ruwa ya ci gari, motar da ta kawo shinkafa ta zo da su, da motar kwashe shara, da sinadarin tsabtace rijiya, kuma su ci gaba da zagayawa har hunturu ya wuce.