Kada Mu Sayar da Lambobin Mazan Jiya

A Ingila akwai mutanen da ba su da abin sha'awa sai tara lambobin yabo na soja. Har akwai waɗanda ba sa sayen kowace iri sai ta likitoci da masu jinya na sojan ruwa. Mu nan Kano ba mu da teku, amma muna da irin wannan kaya a cikin adakar kakanninmu, daga Jakara har Mandawari, kuma a ganina kuskure ne babba a bar su su fita gida.

Ga dalilina. A shekarar 1943 aka kwashi sojojinmu a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan aka shiga da su Bama, ƙasar da yanzu ake kira Miyanma, don su kara da Japanawa. Runduna ta 81 ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, ta 82 kuma ta bi bayanta, suka haɗu suka ci garin Myohaung a watan Janairu na 1945. A wannan kurmi cuta ta kwantar da mutane fiye da harsashi: ga zazzaɓin cizon sauro, ga atini. To, wa ya ɗauko wanda ya faɗi, a ka, a kan duwatsun da mota ba ta hawa? Wa ya wanke masa gyambo? Masu jinya ne da masu ɗaukar raunana. Ba a yi musu kirari ba, domin ba su harbi kowa ba, amma su ma sun ci Tauraron Bama, wata lamba mai tsini shida, mai ƙyalle ja a tsakiya.

'Yan'uwana ɗalibai, ga inda gizo ke saƙa. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, Turawa sun buga sunan soja da lambarsa a jikinsu. Na Yaƙin Hitila kuwa yawancinsu haka aka raba su, babu suna. Saboda haka ran da Tauraron Bama ya bar ɗakin mai shi ya sauka a tabarmar ɗan koli a Kasuwar Kurmi, shi ke nan, ya zama tagulla kawai. Ba wanda zai ƙara sanin ko na mai bindiga ne ko na dirisa.

Wani zai ce ai yunwa ba ta san tarihi ba. Gaskiya ne, ba na zargin tsohuwar da ta sayar don ta ci. Amma kuɗin ba su taka kara sun karya ba, tun da masu tarawar ma sun fi daraja wadda ta zo da takardar sallama da hoto.

Wanda duk akwai lamba a gidansu, ya zauna da tsofaffi tun suna da rai, ya rubuta sunan mai ita da aikin da ya yi, ya ɗaure takardar tare da ita. In gida ba mai kula, a kai Gidan Makama a roƙe su su ajiye.